Kafin ka liƙa lamba a ƙirji ka shiga tseren gari

Duk shekarar da aka rufe tituna domin tsere, rumfar jami'an lafiya ba ta rasa baƙi, kuma yawancinsu rashin shiri ne ke kawo su.

A fara da zango. Akwai kilomita 5, akwai 10, akwai rabin gudun fanfalaki mai kilomita 21.1, sai cikakkensa mai 42.195. Sabon shiga ya ɗauki 5, ya yi mako 8 yana atisaye sau 3 a mako, gudu kaɗan tafiya kaɗan. Mai hawan jini, ciwon suga, asma ko ciwon zuciya ya ga likita kafin rajista. Wanda zazzaɓi ya kama a makon tseren ya haƙura, baɗi na nan.

Ranar tsere ba a gwada sabon abu. Sabon takalmi bororo yake kawowa. Ka ci abin da cikinka ya saba da shi awa 2 zuwa 3 kafin a tashi, ka shafa basilin a matsematsi da hammata. A bayan lambarka rubuta sunanka, ciwon da kake da shi da lambar wayar ɗan'uwa. Kada ka sha ibuprofen ko diclofenac wai don riga-kafin ciwon jiki. Idan suka haɗu da ƙarancin ruwa, ƙoda ce ke shan wahala.

Batun ruwa ne aka fi yin kuskure a kai. Kowa ya san haɗarin ƙishirwa, amma yawan sha ma yana kisa, domin yana tsinka gishirin da ke cikin jini. Abin ya fi samun masu tafiya a hankali, waɗanda ke daɗewa a hanya suna kwankwaɗa a kowane teburi. Alamarsa ciwon kai, amai, kumburin yatsu har zobe ya matse, da ruɗewa. Ka sha idan ka ji ƙishi, kurɓi-kurɓi. Wanda ya ruɗe kuwa, kada a ɗura masa ruwa, a kira jami'an lafiya.

Masu keken guragu galibi su ake fara sallama, don a gangara gudunsu ya fi na mai ƙafa nesa ba kusa ba, saboda haka ɗan kallo kada ya tsallaka titi. Hular kwano, safar hannu, iskar taya da birki, duk a duba tun dare. Mai raunin laka ba ya gumi yadda ya kamata daga inda raunin yake zuwa ƙasa, sai ya riƙa fesa wa jikinsa ruwa. Ya kuma zubar da fitsari kafin a tashi: a wurin mai rauni a saman laka, cikar mafitsara na iya cilla hawan jini sama farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai. Idan haka ta faru a zaunar da shi a miƙe, a sassauta ɗauri, a nemi likita nan take.

Idan ka tsallake layin ƙarshe, ci gaba da takawa, don tsayawa cak ke sa jini ya taru a ƙafafu jiri ya kwashe mutum. Irin wannan a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. Idan jikinsa ya yi zafi rau yana sambatu, a tsoma shi a ruwan sanyi ko a jiƙa shi da ruwa da ƙanƙara a wurin, kafin a ɗauke shi zuwa asibiti. Idan ba ya amsawa kuma ba ya numfashi sosai, a kira agaji, a fara danna tsakiyar ƙirjinsa sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, har na'urar farfaɗo da zuciya ta iso.