Mece ce "wat" da masu sayar da lasifika suke ta ambato?

Tun da aka fara sayayyar tsaraba a bana, daga Bab Sharif ta Jidda har shagunan Misfala a Makka, kalma guda ce a bakin 'yan kasuwa: wat. "Alhaji, wannan wat 3000 ce." Har a talla ana faɗinta kamar ita ce ma'aunin daɗin sauti, abin kuma yana damuna ƙwarai.

Asalinta sunan mutum ne, James Watt, injiniya ɗan Sikotlan da ya inganta injin tururi, ya rasu a 1819. Da sunansa ake auna ƙarfin wutar da na'ura take ja ko take bayarwa. Ba ruwanta da tsabtar murya.

Dutsen guga yana cin wat 1000 zuwa 2000, kowa kuma ya san zafinsa. To yaya lasifikar da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, mai ɗan batiri, za ta fi shi? Duba kwalin da kyau, sau da yawa za ka ga an rubuta PMPO kusa da lambar, wato ƙololuwar ƙarfin da ake cewa lasifikar na kaiwa na ɗan ƙiftawar ido. Wannan lissafi ba shi da tsayayyar ƙa'ida, kowane kamfani yadda ya ga dama yake yinsa, ni kam ha'inci nake ɗaukarsa. Lambar da ta fi kusa da gaskiya ita ce RMS, wato ƙarfin da lasifikar take iya ɗorewa a kai. Ko ita ɗin ma, in ka ninka wat sau biyu desibel 3 kacal ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti. Sai ka ninka kusan sau goma kunne zai ji ƙarar ta ninku.

Hedifon kuwa yawanci ko wat ɗaya ba ya buƙata, domin 'yar iskar da ke bakin kunne kaɗai yake motsawa. Riyal ɗinka ba ya tafiya wajen akwati da babban batiri, bangon tayil ba ya mayar maka da amsa-kuwwa, gunjin na'urar sanyaya ɗaki ma yana raguwa. Shi ya sa a kuɗi ɗaya sautinsa ya fi fita tas. Lasifika ta fi shi ne inda jama'a za su saurara tare, kamar walima ko majalisi.

Ni idan na shiga shago, karatun Shehi Sudais nake kunnawa daga wayata, in kasa kunne ko zan bambance sin da sadi, sannan in tambayi farashi.