Dokar "girkin gida" a gidajen abincin Faransa

A Faransa, mai gidan abinci ba ya rubuta "fait maison", wato girkin gida, a jikin takardar jerin abincinsa haka kawai. Dokar kare masu saye ta 17 ga Maris 2014, wadda ake kira dokar Hamon, ita ta kafa sharaɗin, aka fara aiki da shi a watan Yulin shekarar, sannan aka sake tsaurara shi a watan Mayu 2015.

Abin da ya jawo ta shi ne gidajen abinci da yawa sun koma sayo dafaffen abinci daga masana'anta, su ɗumama su miƙa wa baƙo. Wanda ya sha wuya shi ne kukun da ke da ɗan gidan abincinsa, yana dafa irin abincin karkara kamar pot-au-feu, naman sa da karas da albasa da ake barinsu kan wuta sa'o'i. Ya yi sammakon kasuwa, ya biya mataimaka, amma a idon mai ci babu abin da ya raba shi da mai buɗe leda.

Sharaɗin shi ne a haɗa abincin a cikin gidan, daga ɗanyen kaya wanda ba a cakuɗa shi da komai ba sai gishiri. Akwai abubuwan da aka yafe, domin ba a sa ran kuku ya yi su da hannunsa: burodi, cuku, man shanu, taliya, kayan ƙamshi, cakulan. Amma terrine da pâté, niƙaƙƙen naman da ake gasawa a kasko a ci da sanyi, ba sa cikin yafiyar. Idan za a kira su girkin gida, dole a wurin aka yi su. Nan dokar ta burge ni, don a irin wannan abincin ne ake gane hannun mai girki.

Wanda ya cika sharaɗi yana iya liƙa alamar hukuma, hoton tukunya mai murfi kamar rufin ɗaki. Idan duk abincinsa haka yake, sau ɗaya ya wadatar. Idan wasu ne kawai, sai ya sa ta a gefen kowanne.

Raunin dokar kuwa, ba a neman izini kafin a sa alamar, babu mai zuwa duba kicin tukuna. Jami'an hukumar yaƙi da algus, DGCCRF, daga baya suke bincike, kuma wanda aka kama da yaudarar masu saye yana iya fuskantar ɗaurin shekara 2 da tarar Yuro 300,000. Kukun da ke son shaida mai ƙarfi sai ya nemi lambar maître restaurateur, wato shaidar ƙwararren mai gidan abinci, da aka ƙirƙiro a 2007. Ita sai an binciki gidan kafin wakilin gwamnati na yankin ya ba da ita, kuma bayan shekara 4 dole a sabunta.