Abincin Indiya ba yaji ne kawai ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa abincin Indiya barkono ne zalla, wanda in ka ci sai hawaye. Duk wanda aka ajiye wa thali a gabansa ya san ba haka ba ne.

Thali babban faranti ne da ake jera wa ƙananan kwanuka: shinkafa ko gurasar chapati, miyar wake da suke kira dal, kayan lambu, kindirmo, ɗanyen mangwaro da aka jiƙa da gishiri da mai, sai ɗan abin zaƙi. Tsarin ya dace da ilimin maganin gargajiyarsu na Ayurveda, wanda ya ƙidaya ɗanɗano 6: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci, yaji da bauri. Yaji ɗaya ne kawai a cikinsu, kuma kindirmon nan aikinsa ke nan, ya kashe zafin barkono a baki. Har ɗaci ana nemansa da gangan, ta hanyar karela, ɗan'uwan garahuni.

A jihar Gujarat mazarƙwaila ake sa wa dal, har baƙi kan ce zaƙin ya yi yawa. A Kerala kuwa, lokacin bikin Onam, a kan ganyen ayaba ake zuba abincin, kowane abu da gurbinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne barkonon kansa baƙo ne a Indiya. Daga nahiyar Amurka 'yan Portugal suka kawo shi a ƙarni na 16. Kafin nan da masoro da citta suke yaji.