Me ake nufi da "kashe ƙwayoyin cuta" a kejin kare?

Tun lokacin korona a 2020 maganar "kashe ƙwayoyin cuta" ta kama bakin mutanen Kano, amma da yawa sun ɗauka ma'anarta a watsa Izal wuri ya ɗau ƙamshi. Ka leƙa gidajen da ke ajiye karen gadi a Bompai ko Nasarawa, za ka tarar mai gadi ya sheƙa ruwa a keji, ya yayyafa magani, ya mayar da kare. A ganinsa ya gama.

Wankewa daban, kashe ƙwayoyin cuta daban. Wankewa ita ce kawar da abin da ido ke gani: kashi, gashi, maiƙo, ragowar abinci. Wannan aikin Omo ne da buroshi. Kashe ƙwayoyin cuta kuwa shi ne a sa magani a wurin da aka riga aka wanke, a bar shi jiƙe har ya halaka abin da ido ba ya gani. Dole wankewa ta riga, domin datti yana karya ƙarfin bilic. Wanda ya zuba Hypo a kan kashin kare asarar kuɗinsa kawai ya yi. (Wanke ƙwaryar da kare ya sa baki sau bakwai, da ya zo a hadisi, babin tsarki ne, malamai ke da bayaninsa.)

Abin da ya sa likitocin dabbobi ke nacewa shi ne cutar fabo, wadda ta ɓulla a duniya a 1978. Tana sa kwikwiyo amai da gudawa mai jini, tana iya kashe shi cikin 'yan kwanaki, ƙwayarta kuma tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Dettol da Izal ba abin dogaro ba ne a kanta. Bilic ne ke maganinta.

Yadda ake yi: fitar da kare da kwanukansa da shimfiɗarsa. Kwashe kashi, goge ko'ina da ruwan Omo har lungunan da aka yi walda, ka ɗauraye. Sai haɗi. Bilic irin su Jik da Hypo ƙarfinsu kashi 3.5 ne cikin ɗari, don haka gwangwani ɗaya a ruwa gwangwani 20 ya isa. A jiƙa kejin, a jira minti 10.

A minti goman nan ake faɗuwa. Da hunturu, ko a zafin Afrilu, ƙarfe kan bushe kafin lokacin ya cika, kuma da ya bushe magani ya daina aiki. A yi a inuwa, in ya fara bushewa a ƙara. Bayan nan a ɗauraye sosai, don bilic na cin ƙarfe yana kawo tsatsa, yana kuma ƙona tafin kare. A shanya a rana, sai ya bushe ƙarau kare ya koma.

Kada a gauraya bilic da wani maganin wanke banɗaki, ko a zuba shi kan fitsarin da ya taru. Iskar da ke tashi guba ce. Haɗin jiya kuma a zubar, ya sane.

Ni dai ba na son keji mai daɓen katako, yana shan fitsari, magani ba ya kai wa cikinsa. Kaska ma a tsagoginsa take ɓuya, ita kuwa ba ruwanta da bilic, maganinta na wurin likitan dabbobi.