Bikin Fitilu a Gidajen Namun Daji

Bikin fitilu baje koli ne da wasu gidajen namun daji, waɗanda aka fi sani da gidan zu, suke shiryawa da daddare a lokacin hunturu. An fi yin sa a Amurka da ƙasashen Turai, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Janairu, wato daidai hutun Kirsimeti da sabuwar shekara. Ana naɗe bishiyoyi da ƙananan ƙwayayen lantarki, a ƙera siffofin dabbobi masu haske a jera su bakin hanya, iyali su sayi tikiti su zagaya a ƙafa.

Dalilin yin sa

Abu biyu suka haife shi: duhu da kasuwa. A Katsina ko a tsakiyar Disamba rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe shida, amma a Shikago kafin ƙarfe huɗu da rabi ta faɗi, a Landan kuwa tun kafin huɗu. Ga sanyin da ke daskarar da ruwa. Baƙi sai su ɗauke ƙafa, alhali zaki da giwa ba su daina ci ba, ma'aikata kuma na jiran albashi. Fitilu ne suka mai da watannin da babu ciniki suka zama kakar gidan.

Tarihi

Tushen abin yana cikin al'adar kunna kyandir a jikin bishiyar Kirsimeti, wadda ake dangantawa da Jamus, kuma ta sha haddasa gobara. A Disambar 1882 Edward Johnson, abokin aikin shahararren mai ƙirƙire-ƙirƙire Thomas Edison, ya ƙawata bishiya a gidansa da ke New York da ƙwayayen lantarki 80, ja da fari da shuɗi. A 1895 shugaba Grover Cleveland ya sa aka yi irin haka a fadar gwamnatin Amurka. Shekaru da dama abin na masu hali ne kawai, domin ba kowane gida ke da lantarki ba.

Gidan namun daji na Indianapolis shi ake cewa ya fara irin wannan biki a Amurka, a 1967. Na Cincinnati ya biyo baya wajen farkon shekarun 1980, na Toledo a 1986, na Oregon a 1988, Lincoln Park da ke Shikago a 1995, sai na ƙasa da ke Washington a 2007. Na Toledo ya yi suna da wata bishiya mai tsawon ƙafa 85 da ake naɗe wa fitilu sama da 35,000.

Akwai reshe na biyu, wanda ya fi na farko tsufa da kuma fasaha, shi ne na Sin. Can ana bikin fitilu a ranar 15 ga watan farko na kalandarsu tun ƙarnoni masu yawa, kuma birnin Zigong na lardin Sichuan shi ne cibiyar sana'ar. Maƙeransa kan zana dabba a ƙasa, su lanƙwasa waya su yi mata walda har ƙashin jikin ya tashi, su ɗaura ƙwayaye a ciki, sannan su manna yadi mai sheƙi a kai, su zana ido da gashin baki da hannu. Raƙumin dawa da aka yi haka, in an kunna shi, har rodi-rodin wuyansa ake ƙirgawa daga nesa. Aiki ne da duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai ɗinkin kayan doki zai gane darajarsa. Maƙeran Zigong ne suka kai wannan sana'a gandun namun daji na Longleat da ke Ingila a 2014, da gidajen zu na Edinburgh da Dublin a 2017.

Samuwar ƙwan LED, wanda ba ya zafi kuma ba ya shan wuta sosai, ta sa adadin fitilu ya kai miliyoyi a wasu wurare.

Ziyarar iyali

Yawancin dabbobin gaske suna ɗakunansu a wannan lokaci, don haka na waya da yadi ake kallo. Yara kan sha rigar sanyi da safar hannu, a saya musu koko mai zafi, uba ya saɓa ƙarami a kafaɗa don ya hango gaba.

Makamancinsa a Katsina da Daura

Ba al'adar ƙasar Hausa ba ce, amma sassanta ba baƙi ba ne. Kai yara kallon dabbobi a nan abin yawon Sallah ne, kuma da rana ake yi. Iyalai daga Katsina da Daura kan yi sammako bayan an gama hawa, su cika mota da kular abinci su nufi gidan zu na Kano, wanda aka buɗe wajen 1971 ko 1972 a zamanin gwamna Audu Baƙo, kuma sunansa yake ɗauke da shi. Kafin a san gidan zu, masu wasa da kura da biri da maciji ne ke kawo dawa cikin gari a ranakun kasuwa.

Ado da fitilu kuwa an fi ganinsa a watan Rabi'ul Awwal, lokacin Maulidi da Sallar Gani ta Daura, inda ake rataya ƙananan fitilu masu launi a ƙofar masallatai da makarantun Islamiyya da lunguna. Da yake watannin Musulunci na matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, waɗannan bukukuwa ba su da alaƙa da hunturu, sai dai a dace.

Saɓani

Masu kare haƙƙin dabbobi na cewa haske da hayaniyar dare suna hana dabbobi barci. Masu gidajen na cewa ana nisanta fitilun daga kejinan da abin zai dama. Musulmin da ke zaune a Amurka da Turai sun rabu kan halarta: wasu na ƙauracewa saboda alaƙarsa da Kirsimeti, wasu na ɗaukarsa kallo ne kawai na yara.