Waiwaye: Daga ina sukuwar dawaki ta taso, kuma me ya hana ta tsayawa da ƙafarta?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin sukuwa da la'asar, ƙura ta turnuƙe, jama'a na ta ihu kowa na kiran sunan dokin unguwarsu, ya san harkar nan ba masoya ta rasa ba. Tsari ne babu, kuma abin ya daɗe.

Doki dai tun asali kayan yaƙi ne da sarauta a ƙasar Hausa, shi ya sa har gobe muke da Madawaki da Shamaki da Sarkin Dawaki. Sukuwa ma ana yinta tun can da, ranar sallah ko biki samari su saki linzami a ga wa zai riga wani. Amma irin wannan ta zagaye fili da alƙalai da kofi, Turawan mulkin mallaka ne suka zo da ita, kusan duk babban garin da suka zauna sai sun yanki fili kusa da bariki sun ce na sukuwa ne. Na Legas tun 1859 aka ba da shi, kuma a cikinsa aka sauke tutar Ingila ranar 1 ga Oktoba 1960. Na Kaduna a nan aka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a 1956. Sarakunanmu kuwa suka rungumi abin hannu bibbiyu, musamman gidan Katsina, Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo, waɗanda son dokinsu ba ɓoyayye ba ne.

To daga baya filayen suka fara sulalewa. A 1972 gwamnatin Gowon ta mai da na Legas Dandalin Tafawa Ɓalewa, na Kaduna daga baya ya koma Dandalin Murtala, na Kano yana nan a Nasarawa amma ya fi ganin 'yan ƙwallo da taron siyasa. Folo, wato wasan ƙwallon dawaki, ita ta samu bankuna da kamfanoni suka ɗauki nauyinta, kofin Georgian da aka fara tun 1919 har yanzu ana buga shi a Kaduna, sukuwa kuwa aka bar ta a hannun ɗaiɗaikun masu hali, in mai barga yana da rai da kuɗi ana yi, ranar da ya kwanta dama 'ya'ya su sayar da dawakin shikenan an rufe babi. Fadar Etsu Nupe a Bida da wasu masarautu sun yi ƙoƙari wajen farfaɗo da gasa, 'yan Nijar da Chadi da Kamaru na zuwa da dawakinsu, Allah ya saka masu, amma har yanzu abin a wuyan mutane yake.

Maganar kuɗi fa sai an faɗi gaskiya. A Ingila caca ce ke riƙe da sukuwa, tun 1961 suka yi dokar da ke yankar wani kaso daga kamfanonin caca ana zubawa a harkar. Mu wannan ba hanyarmu ba ce, kuma masu kawo shawarar a shigo da ita don Allah su bari. Sukuwar kanta addini bai hana ba, Annabi (SAW) ya sa an yi tseren dawaki a Madina, horarru daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma aka rage masu nisa. Ka ga ke nan tun a lokacin an raba aji. Dubai ta fara babbar gasarta a 1996, Saudiyya ta fara tata a 2020 da kyautar dala miliyan 20, duka ba a buɗe rumfar caca a filin ba, gwamnati da kamfanoni da 'yan kallo ne suka riƙe. Ba mu da kuɗinsu, na sani, amma hanyar dai ga ta nan.

Sai dai wane kamfani ne zai zuba kuɗinsa inda babu rubutu? Nan ne ni abin ya fi damuna. Na taɓa zuwa wata gasa, an jera dawakin gida za a saki sai rigima ta kaure, wai wani akawal da ke layin jininsa na Sudan ne an saka shi cikin ƙananan aji, mai shi na rantsuwa a bargarsa aka haife shi, wasu na cewa sun san ranar da aka sauke shi daga mota, aka buɗe bakin dokin ana duba haƙori, aka kusa awa guda ana abu ɗaya har rana ta yi sanyi, kuma wallahi babu mai takarda ko ɗaya da zai nuna. Turawan Ingila tun 1791 suke da littafin asalin dawaki, wane ya haifi wane. Mu da muke haddace nasabar sarakuna kaka da kakanni, a ce mun kasa rubuta ta ingarma da goɗiya? Rajista ɗaya tak, da hoto da kamannin doki, kili ne ko bidi ko danda, da 'yar na'urar nan da ake sa wa dabba a wuya mai lamba, likitan dabbobi ya sa hannu, rabin rigimar ta mutu. Daga nan a fitar da jadawalin shekara, kowa ya san watan Bida da na Kano da na Sakkwato, gidajen talabijin su samu abin sayar wa masu talla.

Rajistar nan ita za ta sa kiwo ya yi daraja ma. Yanzu kowa idonsa na kan dokin Sudan, ga shi tun Afrilun 2023 ƙasar ke cikin yaƙi, iyakar Nijar ma an rufe ta wata da watanni bayan juyin mulkin Yulin 2023. In ɗan goɗiyar da aka haifa a nan yana da takardar asali da tarihin tseren ubansa, mai kiwo a ƙauye zai sayar da shi da mutunci, mai harawa da mai dusa da baduku mai ɗinkin sirdi duk su samu. Ga kuma cuta, murar dawaki da ta ɓarke a yankin Sakkwato da Nijar ƙarshen 2018 zuwa 2019 ta yi ɓarna sosai a jakuna da dawaki, amma har yau sai ka ga an sauke doki daga wata ƙasa kai tsaye an ɗaure shi a turke ɗaya da na gida ba wanda ya duba shi.

Sai mahaya, waɗanda su ake mantawa da su. Yawancinsu yara ne marasa nauyi, a waccan gasar da idona na ga wani da bai fi shekara sha uku ba, ba hular kwano, ba takalmin kirki, dokin ya yi tuntuɓe a kwana ya watsar da shi, babu motar asibiti a filin, a bayan babur aka tafi da shi hannu na reto, mai dokin kuma dokinsa ya fara zuwa dubawa. Ni dai da za a tambaye ni, kafin a ƙara ko sisi a kuɗin kofi a fara sa doka: ba a sakin doki sai mahayi na da hular kwano, an san shekarunsa, an rubuta kason da zai samu in ya ci, kuma motar asibiti na tsaye a bakin fili.