"An bi ƙa'ida": me ake nufi in ana maganar bututun mai?

Tun da aka ƙaddamar da bututun ɗanyen mai na Agadam zuwa Seme a watan Nuwamba na 2023, kalmar ƙa'ida ta cika bakin kowa. Mai yabo ya ce komai bisa ƙa'ida aka yi, mai suka ya ce an taka ƙa'ida, a rufe shirin rediyo ba wanda ya faɗi wace ƙa'ida ce, balle inda ake dubawa a tabbatar an bi ta. Bututun nan kuwa ya ratsa jiharmu ta Maradi a hanyarsa daga Difa da Damagaram zuwa Tawa da Doso, kilomita wajen 1,950 har bakin teku a Benin, an kuma gina shi don ɗaukar ganga 90,000 kowace rana. Abin da ke gudana ƙarƙashin gonaki da wannan yawa ya wuce a yi masa magana sama-sama.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka mai da bin ƙa'ida ya koma mallakar takarda. An sa hannu a yarjejeniya, an ba da izini, an yanke kyalle, shi ke nan wai an bi ƙa'ida. Direban da ke da parmi a aljihu amma ya kwana biyu bai runtsa ba, takardarsa daidai take, motarsa kuma tana iya faɗawa rami kafin ya kai Cadawa. Izini sau ɗaya ake ba da shi. Bin ƙa'ida kuwa aiki ne na kowace awa, kuma a harkar bututu, wurin da ake yin sa ɗaki ne guda wanda yawancinmu ba mu taɓa gani ba.

A ɗakin kula da bututu, mutum yana zaune gaban allunan kwamfuta dare da rana, ana karɓa-karɓa. Ba ya ganin mai da idonsa. Lambobi yake gani: ƙarfin matsin mai a kowace tasha, yawan abin da ya shiga, yawan abin da ya fita, wane famfo ke aiki, wace mashiga ke rufe. Tsarin da ke kawo masa waɗannan lambobi daga nesa shi ne ma'aikata ke kira SCADA. In wata lamba ta kauce, ƙararrawa ta yi ƙara, sai ya yanke shawara cikin ƴan mintuna: ya tsayar da bututu, ko ya bari ya ci gaba.

A Amurka, hukumar PHMSA mai sa ido kan bututu ta fitar da dokar tafiyar da irin wannan ɗaki a ƙarshen 2009. Abin da ta nema ba ya kama da abin da muke ji a rediyo. Ta ce a rubuta ikon kowane ma'aikaci da nauyin da ke kansa, a lokacin lafiya da lokacin haɗari. A ajiye shaidar miƙa aiki tsakanin mai tashi da mai karɓa, da abin da suka faɗa wa juna. A tsara lokutan aiki yadda mutum zai samu damar barcin awa 8 a jere. Kowane wata a duba ƙararrawar da aka kashe da wadda ke ƙara a banza. Sa'annan kamfani ya ajiye kundin da zai nuna wa mai bincike cewa duk wannan ya faru. Ke nan a wurinsu, abin da ba a iya nunawa a rubuce, ba a karɓar sa a matsayin an yi.

Duk wanda ke son gane dalilin wannan tsanani, ya dubi abin da ya faru kusa da garin Marshal na jihar Mishigan. Ran 25 ga Yuli 2010, da yammacin Lahadi, bututun kamfanin Enbridge ya tsage ana cikin tsayar da shi kamar yadda aka tsara. Ɗakin kula da shi yana can Edmanton a Kanada. Ƙararrawa ta yi ta ƙara, amma ma'aikatan suka ɗauka man ne ya rabu a cikin bututu ya bar giɓi, abin da kan faru in matsi ya sauka a wurare masu tudu. Maganin giɓi shi ne a ƙara turo mai ya cike shi. Sai suka kunna famfo suka tura. Matsi bai hau ba. Aka tsaya, aka yi shawara, aka sake kunnawa. Rukuni uku na ma'aikata suka karɓi aikin ɗaya bayan ɗaya, kowane ya gaji fassarar na gabansa bai tuhume ta ba. Sai bayan fiye da awa 17 aka gane bututun a fashe yake. Mai ya kai ganga 20,000 ya malala cikin wani rafi ya shiga kogin Kalamazu, kwatankwacin abin da matatar Soraz ta Damagaram ke iya tacewa a yini guda. Hukumar bincike ta NTSB ta gano cewa kashi 81 cikin 100 na man da ya zube, a waɗannan kunnawa biyu aka tura shi. Aikin share ɓarnar ya ci fiye da dala biliyan 1.

Ga inda maganar ta fi zafi. Kamfanin yana da ƙa'ida a rubuce, mai kyau kuwa: in an yi minti 10 ba a gano dalilin matsalar ba, a tsayar da bututu. Ya kafa ta ne bayan wata babbar malala a Minesota a 1991. Wanda ya je neman takarda zai same ta a wurinta. Amma a daren nan an zarce mintuna goman, aka jingina da wani daftarin tsari da ba a riga an amince da shi ba. Masu bincike sun kuma nuna cewa kauce wa tsari ya riga ya zama abin da aka saba da shi a ɗakin. Da za a tambayi wani a ran Asabar, jajibirin haɗarin, ko kamfanin na da ƙa'ida, zai ce e, kuma bai yi ƙarya ba. Ko ana bin ta, wannan tambaya ce dabam, amsarta tana cikin kundin aikin dare.

Akwai wani ruɗani kuma daga ɓangaren masu suka, su da ke ganin duk kaucewa laifi ce. Dokar Amurkan ba ta ce haka ba. Ta yarda akwai ranar da bin tsari harafi da harafi zai fi haɗari, sai dai ta ce in an kauce, a rubuta, a kuma nuna cewa tsaron bututun ne ya tilasta. A ganina nan ne zuciyar al'amarin. Kundin da ya shekara fes, babu ƙararrawar banza, babu wanda ya zarce lokacin aikinsa, babu kaucewa ko ɗaya, ni ya fi ba ni tsoro a kan wanda ke cike da gyare-gyare. Mutane ne ke aikin, suna gajiya, na'ura tana lalacewa. Kundin da bai nuna haka ba, wataƙila don mai bincike aka cika shi, na gobe da zai karɓi aiki ba zai tsinci komai a ciki ba.

Wani abu a labarin Marshal ya shafe mu kai tsaye. Tun a daren farko mazauna wurin suka ji wari suka kira lambar agaji, ƴan kwana-kwana suka fita ba su gano tushen warin ba, labarin kuma bai isa ɗakin kula da bututu ba. Washegari ma'aikacin wani kamfanin gas ne ya ga mai a ƙasa ya buga waya, sa'annan aka rufe. A nan wajenmu, wanda zai fara jin wari manomi ne a gonar gero, ko makiyayi, ko mace a bakin rijiya. Don haka in jami'i ya zo rediyo ya ce an bi ƙa'ida, ina so ɗan jarida ya tambaye shi lambar da mai gari zai kira da tsakar dare, wa zai ɗauka, ko yana jin Hausa, a wane kundi ake rubuta kiran, da kuma minti nawa aka ba wanda ke gaban allo kafin ya zama dole ya tsayar da famfo.